Taruwar Ruwa a Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayi: Nazarin Lamarin Wani Yaro Daga Makon Ciki na 20 Zuwa Shekara Shida

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 29 lokacin da ta ɗauki cikinta na biyu. Haihuwarta ta farko mace ce, lafiyayya, kuma da kanta ta haife ta ba tare da wata tangarɗa ba. Ba ta da hawan jini ko ciwon suga, babu dangantakar jini tsakaninta da mijinta, kuma a iya sanin dangin ɓangarorin biyu ba a taɓa haihuwar jariri mai babban kai ba. Ta fara zuwa awon ciki a mako na 11, hoton da aka ɗauka a ranar kuwa bai nuna komai ba sai ɗan tayi guda ɗaya mai bugun zuciya daidai.

Kafin a shiga abin da ya biyo baya, ya kamata a san yadda ruwan ƙwaƙwalwa yake gudana, domin duk shawarar da likitoci suka yanke a kan wannan yaro daga nan ta samo tushe. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ɗakunan ruwa guda huɗu: manya biyu a dama da hagu, na uku a tsakiya ƙarƙashinsu, na huɗu kuma a can ƙasa kusa da ƙeya. A cikin ɗakunan akwai wani curin ƙananan jijiyoyin jini da likitoci ke kira koroid, wanda ke tatso ruwa garai-garai daga jini dare da rana. Babban mutum yana samar da kusan mililita 500 a kullum, alhali abin da ke zagaye ƙwaƙwalwarsa da lakarsa a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba, wato ruwan yana sabuntuwa kusan sau uku a yini. Yana gangarowa daga ɗakunan gefe zuwa na uku, ya bi ta wata siririyar magudana zuwa na huɗu, ya fita ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka, sannan jini ya sake tsotse shi. Idan hanyar ta toshe a ko'ina, tatsowar ba ta tsayawa. Ruwan sai ya taru, ɗakunan su buɗe, naman ƙwaƙwalwa ya matsu zuwa jikin ƙoƙon kai. Wannan ne ciwon da ake kira haidurosefalas, kuma an ƙiyasta cewa yara kusan 400,000 ne ke kamuwa da shi kowace shekara a duniya.

Mako na 20: hoton da ya fara nuna matsalar

A mako na 20 aka yi mata babban sikanin da ake duba gaɓoɓin ɗan tayi ɗaya bayan ɗaya, wanda aka saba yi tsakanin mako na 18 da na 22. Mai ɗaukar hoton ta auna faɗin bayan ɗakunan ruwa na gefe, ta samu milimita 13 a dama da 14 a hagu. A wannan wuri faɗin bai kamata ya kai milimita 10 ba a duk tsawon rabin ciki na biyu. Daga 10 zuwa 12 ana ɗaukarsa ƙaramin buɗewa, daga 13 zuwa 15 matsakaici, abin da ya haura 15 kuwa mai tsanani. Ta kuma lura cewa curin koroid, wanda ya kamata ya cika ɗakin, yana reto a cikin ruwa kamar abin da aka rataye.

A ranar aka bi ƙashin bayan ɗan tayin tun daga wuya har ƙugu, ba a ga tsaga ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya tana da siffarta ta daidai. Zuciya, ƙoda, ciki da gaɓoɓi duk lafiya. An ga cewa namiji ne.

Likitar masu ciki ta shaida wa iyayen cewa faɗin ɗaki alama ce kawai, ba sunan ciwo ba, domin ɗakunan suna iya buɗewa saboda ruwa ya matsa su, suna kuma iya buɗewa saboda naman ƙwaƙwalwar ne bai ginu ba ko ya lalace, ruwa ya cike gurbin. Ta ce a cikin jariran da ƙaramin buɗewa ne kaɗai matsalarsu, fiye da kashi 90 cikin 100 suna tasowa lafiya, amma wannan ɗan tayin ba ya cikin wancan rukuni, don haka ba za ta ba su wannan adadi su riƙe ba sai an san sanadi, an kuma ga inda awon ya dosa.

Mako na 21 zuwa 26: neman sanadi

Binciken ya bi manyan sanadai huɗu: cutar da ta ratsa daga uwa zuwa ɗan tayi, matsalar ƙwayoyin gado, zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa, da kuma tawayar ginin ƙwaƙwalwar kanta.

An fara da jinin uwa, aka nemi alamar sabon kamu da CMV, wata ƙwayar cuta da ke iya ratsawa daga uwa zuwa ɗan tayi, da kuma toksofilasma, ƙwayar da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba. A mako na 22 aka soka siririyar allura ta fatar cikinta, ana kallo ta na'urar sikanin, aka zuƙo kaɗan daga ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki. Ba a sami ƙwayar cuta a ruwan ba, kuma lissafin ƙwayoyin gado ya fito cif, babu ƙari babu ragi.

Kasancewarsa namiji ya sa aka ƙara wani bincike. Akwai nau'in wannan ciwo da ke bin jinin uwa ya faɗa wa 'ya'ya maza, sakamakon tawaya a ƙwayar gado mai suna L1CAM. Uwar da ke ɗauke da ita lafiyarta ƙalau, amma kowane ɗa namiji da za ta haifa yana da rabin yiwuwar kamuwa, kuma yaran da abin ya shafa yawanci suna da naƙasar fahimta mai tsanani ko da an kwashe ruwan a kan lokaci. Ɗaya daga cikin alamominsa shi ne babban yatsan hannu ya lanƙwashe ya kwanta cikin tafi. An tambayi matar ko a cikin 'yan'uwanta maza ko kawunnanta akwai wanda ya rasu yana jariri ko ya tashi da naƙasa, ta ce babu. A hoto an ga ɗan tayin yana buɗe hannuwansa duka biyu, gwajin ƙwayar gadon ma ya fito babu tawaya.

A mako na 24 faɗin ya kai milimita 18 a kowane gefe, wato ya tsallaka zuwa mataki mai tsanani cikin mako huɗu. A mako na 26 aka ɗauki hoton MRI, wanda ba ya amfani da hasken da ke cutar da ɗan tayi, kuma yana nuna naman ƙwaƙwalwa fiye da sikanin. Ɗakunan gefe da na uku sun buɗe, na huɗu kuwa yana nan ƙarami yadda ya kamata. Ma'anar wannan a fili take: toshewar tana tsakanin na uku da na huɗu, a siririyar magudanar nan. Tun a 1913 da 1914 Walter Dandy da Kenneth Blackfan suka nuna haka a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, lokacin da suka toshe wannan magudana a ƙwaƙwalwar karnuka suka ga ɗakunan da ke samanta kaɗai ne suka kumbura. Hoton bai nuna alamar tsohon jini ba, gadar da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa na dama da na hagu tana nan duk da ta miƙe ta sirance, lanƙwashe-lanƙwashen saman ƙwaƙwalwa kuma sun dace da shekarun cikin. Abin da aka rubuta a takardarsa shi ne ƙuncin magudana, ba tare da wata tawaya a gefe ba.

Mako na 27 zuwa 37: abin da iyayen suka nema da abin da aka ƙi yi

Tambayar farko da mahaifin ya yi ita ce, tunda an san inda ruwan ya maƙale, me zai hana a kwashe shi tun yaron yana ciki, maimakon a zuba ido ƙwaƙwalwa tana matsuwa har wata uku. Tambaya ce mai ma'ana, kuma likitoci sun riga shi yin ta. A farkon shekarun 1980 an gwada saka siririn bututu daga ɗakin ruwan ɗan tayi zuwa ruwan mahaifa, rahoton farko ya fito daga Denba a Amurka a 1982. Bututun yakan zame ko ya toshe, wasu 'yan tayin sun mutu sanadin aikin, kuma da aka tattara sakamakon a 1986 sai aka ga yawancin waɗanda suka rayu suna da naƙasa, ba a kuma ga fifiko a kan waɗanda aka bari sai bayan haihuwa ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne na'urorin wancan zamani ba sa iya bambance ɗan tayin da toshewa ce kaɗai matsalarsa da wanda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta samu tawaya ta wata fuska. Daga nan aka dakatar da aikin, kuma har yanzu bai zama magani na yau da kullum ba.

Mahaifiyar ta karanta labarin tiyatar da ake yi wa 'yan tayi a mahaifa, ta kawo maganar. Aka bayyana mata cewa wannan ta masu tsagar ƙashin baya ce. A gwajin da aka wallafa a 2011, rufe tsagar kafin mako na 26 ya rage buƙatar saka bututun da ke kwashe ruwan kai daga kashi 82 zuwa kashi 40 cikin 100 a shekarar farko. Ɗanta ba shi da tsaga, saboda haka babu abin da za a rufe. Babu kuma ƙwayar magani da za ta sha ta buɗe magudanar da ta ƙuntata.

Saura batun ciro shi da wuri. Likitocin sun auna wannan sosai, domin awon bai daina hawa ba: milimita 22 a mako na 30, 27 a mako na 34, kewayen kai kuma ya wuce na tsaransa nesa. Amma bakwaini yana da nasa haɗarin, huhu bai nuna ba, jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna saurin fashewa, fata sirirya ce, bututun da aka saka masa kuma ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Aka tsayar da shawarar a bar cikin ya kai, ana sikanin duk mako biyu. A cikin wannan lokaci iyayen suka gana da likitan tiyatar ƙwaƙwalwar yara da likitan jarirai, aka nuna musu bututun da idonsu, aka kuma tsara cewa a asibitin da ke da waɗannan likitoci za a haihu.

Haihuwa da kwanakin farko

A mako na 38 aka ciro shi ta tiyata. Ba ciwon ne ya wajabta tiyatar ba, girman kan ne, domin da yawa daga irin waɗannan jarirai ana haihuwarsu ta hanyar da aka saba idan kan bai wuce kima ba. Nauyinsa kilo 3.5, kewayen kansa santimita 41, alhali matsakaicin na jariri namiji a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya santimita 34 da rabi ne. Ya yi kuka nan take, ya kama nono a rana ta biyu. Maɗigarsa faffaɗa ce, a cike, tana da tauri idan an taɓa, ƙasusuwan ƙoƙon kai sun rabu da juna har yatsa na iya kwanciya a tsakani, jijiyoyin fatar kai kuma sun fito raɗa-raɗa. Hoton MRI na rana ta uku ya tabbatar da abin da aka gani a ciki. A rana ta takwas kewayen kan ya kai 42.5, ƙwayar idonsa ta fara sauka ƙasa har fari yana bayyana a sama, alamar da likitoci ke kamantawa da faɗuwar rana.

Rana ta 9 zuwa mako na 7: aikin farko

Hanya biyu ce a gaban likitan tiyata. Ta farko ita ce bututun da ake kira shant, wanda ake binnewa ƙarƙashin fata daga ɗakin ruwa, ya bi bayan kunne da wuya da ƙirji ya sauka cikin kogon ciki, inda jiki ke tsotse ruwan. A tsakaninsa akwai bawul mai barin ruwa ya wuce gefe ɗaya kawai. Tarihin bawul ɗin kansa abin lura ne: wani makanikin injuna mai suna John Holter ne ya ƙera shi a 1956 a Filadelfiya, tare da likita Eugene Spitz, saboda ɗansa da ya kamu da wannan ciwo yana jariri. Aibin shant shi ne baƙon abu ne a jiki, yana toshewa, yana tsinkewa, yana kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka saka wa yara suna buƙatar gyara tun a shekarar farko ko ta biyu.

Hanya ta biyu ba ta barin komai a jiki. Ana zura siririyar na'ura mai kyamara cikin ɗaki na uku, a huda ƙasansa domin ruwa ya sami sabuwar mafita ya kauce wa toshewar, aikin da ake kira ETV, sannan a ƙone wani ɓangare na curin koroid domin a rage yawan ruwan da ake tatsowa. Benjamin Warf ne ya haɗa ayyukan biyu ga jarirai a asibitin yara na CURE da ke Mbale a Yuganda a farkon shekarun 2000, kuma gwajin da aka yi a can a kan jarirai 100, aka wallafa a 2017, bai sami bambanci mai ƙarfi a fahimtar yaran bayan shekara guda tsakanin wannan hanya da shant ba. Sai dai waɗancan jarirai ciwonsu ya biyo bayan kamuwa da cuta ne, kuma sananne ne cewa ƙanƙantar jariri tana rage nasarar hujin, musamman wanda bai cika wata ɗaya ba, saboda hanyoyin tsotse ruwa a saman ƙwaƙwalwarsa ba su gama ginuwa ba.

An faɗa wa iyayen duka wannan. Nau'in toshewar yaron ya dace da huji, shekarunsa ne ba su dace ba. Suka zaɓi a gwada, bisa fatan ya rayu ba tare da bututu ba.

An yi aikin a rana ta 9, ya tafi lafiya. Maɗiga ta yi laushi, idanu suka daidaita, kewayen kai ya sauka zuwa 41.5 ya tsaya a nan kusan mako uku. Kafin a sallame su, wata ma'aikaciyar jinya ta koya wa mahaifiyar awon kai da tef, daga saman gira zuwa inda ƙeya ta fi tudu, sau biyu a mako, tana rubutawa a littafi. A mako na 5 ta sami 43. A mako na 6 ta sami 44.5. Jariri lafiyayye a watanninsa uku na farko kansa yana ƙaruwa da kusan santimita 2 ne a wata, nasa kuwa ya ƙaru da ɗaya da rabi a mako ɗaya. Yaron bai fara amai ba, yana shan nono, littafin ne kaɗai ya nuna an koma gidan jiya. Hoto ya nuna hujin a buɗe yake amma ɗakunan suna ci gaba da faɗaɗa, wato ruwan yana fita, jiki ne ya kasa tsotse shi. Sake hudawa ba zai amfana ba. A mako na 7 aka saka masa shant a gefen dama.

Mako na 10 zuwa 13: ƙwayoyin cuta a bututu

Kwana 19 bayan saka shant, yaron ya yi zazzaɓi mai maki 38.6, ya rage shan nono, fatar da ke kan bututun a bayan kunne ta yi ja. Aka zuƙo ruwa daga bawul ɗin, aka sami ƙwayar bakteriya irin wadda ke zaune a fatar kowa ba tare da ta cutar ba, amma idan ta manne wa roba a cikin jiki sai ta gina wa kanta wani yauƙi da magani ba ya ratsawa. Irin wannan kamu yana samun kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ayyukan shant, galibi a watannin farko, kuma jarirai ƙanana sun fi fuskantarsa.

Da farko an gwada maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka bar bututun a wurinsa, domin a kauce wa ƙarin tiyata biyu ga jaririn da aka riga aka yi wa biyu. Zazzaɓin ya sauka, amma bayan kwana biyar ruwan da aka sake aunawa yana ɗauke da ƙwayar. Sai aka cire shant ɗin gaba ɗaya, aka saka bututun wucin gadi da ke zubar da ruwan cikin jaka a gefen gado, aka ci gaba da magani kwana 12 har gwaji uku a jere suka fito babu ƙwaya. A mako na 13 aka saka sabon shant a gefen hagu, wannan karon irin wanda aka jiƙa robarsa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Babban gwajin da aka yi a Birtaniya da Ailan, aka wallafa a 2019, ya nuna irin wannan bututu ya rage kamuwa daga kashi 6 zuwa kashi 2 cikin 100. Cutar ba ta dawo ba.

Wata 4 zuwa wata 16: girma, sannan toshewa

Bayan wannan kan ya daina tsere, jiki ya fara kamo shi. Hoton wata 6 ya nuna ɗakunan sun ragu, naman ƙwaƙwalwar da ya sirance ya yi kauri sosai, musamman a gaba. A wata 12 kewayen kai santimita 49.5 ne, har yanzu sama da na tsaransa, amma yana hawa da irin saurinsu.

Motsi ne ya yi jinkiri. Wuyansa bai tsaya ba sai a wata 6, wani ɓangare saboda nauyin kan kansa. Ya zauna shi kaɗai a wata 10. Likitar gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ta fara ganinsa tun yana wata 4, ta lura ƙafafunsa sun fi hannuwansa tauri, abin da ke da bayani a tsarin ƙwaƙwalwa, domin jijiyoyin da ke sarrafa ƙafafu su ne suka fi kusa da bangon ɗakunan ruwa, su ne kuma suka fi miƙewa idan ɗakunan sun kumbura. Ji da gani lafiya, yana murmushi, yana gwaranci a kan lokaci, kalmarsa ta farko ta fito a wata 13.

A wata 16 ya tashi da amai da safe, ya yini yana barci. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti da ke kusa, aka ce ciwon ciki ne irin na yara, aka ba shi ruwan gishiri da suga da maganin amai. Babu gudawa, babu zazzaɓi, kuma ba a tambayi ko yana da bututu a kai ba. Maɗigarsa ta kusa rufewa a lokacin, don haka kan ba shi da sauran wurin buɗewa, tef ɗin awo ma bai nuna komai ba. A rana ta biyu mahaifiyar ta ga ya daina kama kujera ya miƙe, idonsa na hagu ya karkata ciki, da ƙyar ake tashinsa daga barci. Ta wuce da shi kai tsaye asibitin da aka yi masa aiki. Hoto ya nuna ɗakunan sun sake buɗewa, a daren aka shiga da shi tiyata, aka tarar tarkacen nama ya toshe ƙananan ramukan bakin bututun da ke cikin ƙwaƙwalwa. Aka canza wannan yanki kaɗai. Washegari ya farka yana neman abinci. Tsakanin aman farko da tiyata an yi kusan awa 44.

Shekara 2 zuwa 6: yadda ya taso

Ya fara tafiya shi kaɗai a wata 23, alhali kusan duk yara suna yin haka kafin wata 18. Karkacewar idon ba ta gyaru da kanta ba. An yi wata da watanni ana rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi a kullum domin ɗayan kada ya yi lalaci, daga baya aka yi ƙaramar tiyatar daidaita jijiyar ido yana shekara 3.

Yana da shekara 3 da wata 4 ya yi jijjiga ta kusan minti uku ba tare da zazzaɓi ba. Abin da aka fara dubawa shi ne shant, aka same shi yana aiki. Gwajin wutar ƙwaƙwalwa ya nuna tartsatsin yana tasowa daga gefen dama, kusa da inda bututun farko ya ratsa, inda kuma cutar ta zauna. Aka ɗora shi a kan maganin farfaɗiya. Ya sake yi sau ɗaya bayan wata biyu, aka ƙara awon maganin, tun daga nan bai ƙara ba.

Gwajin fahimta da aka yi masa yana shekara 5 da rabi ya fito da hoto mai hawa da sauka. A magana, yawan kalmomi da haddar abin da ya ji, yana cikin matsakaitan tsaransa, yaro ne mai surutu da saurin sabo da baƙi. A haɗa siffofi, kwaikwayon zane, ɓalla maɓalli, riƙe fensir da kimanta tazara lokacin sauka daga matakala, yana ƙasa da su a fili, hankalinsa kuma yana saurin ɗaukewa. Wannan tsari sananne ne a yaran da suka yi wannan ciwo, kuma yana da tarko: iya maganar takan sa malami ya ɗauka yaron ya gane komai, idan ya kasa rubutu ko lissafi sai a ce wasa ne ya yi masa yawa. An rubuta wa makarantarsa bayani a kan haka, tare da alamomin toshewar bututu da lambar da za a kira. A shekara 6 yana aji ɗaya da tsaransa, yana karanta gajerun jimloli, rubutunsa manya-manya ne a karkace, yana gudu amma yakan faɗi fiye da sauran yara, kuma yana samun ƙarin darasi a lissafi.

Hukunci a kan lamarin

Awon milimita na lokacin ciki ya yi daidai wajen nuna cewa yaron zai buƙaci tiyata, amma bai faɗi komai mai ƙarfi a kan yaron da zai zama ba. Wanda ya ga milimita 27 a mako na 34 zai iya yanke ƙauna, kuma da ya yi kuskure. Abin da ya fi awon nauyi shi ne sakamakon binciken mako na 21 zuwa 26, wato babu cutar CMV, babu tawayar ƙwayoyin gado, babu wata naƙasa a ginin ƙwaƙwalwar. Ƙwaƙwalwa ce lafiyayya da aka matse, irin wadda ke iya farfaɗowa idan an sauke mata nauyi. Ƙin taɓa shi a mahaifa da ƙin ciro shi bakwaini, duk da wahalar jiran ga iyayen, sun ba shi damar shiga tiyata da cikakken huhu da nauyin jiki.

Hujin rana ta 9 bai yi nasara ba, kuma an san tun farko yiwuwar hakan tana da yawa. A ganina ba kuskure ba ne, tunda an gaya wa iyayen gaskiyar lamarin kuma an sa ido sosai, har aka gano gazawar kafin yaron ya nuna wata alama. Kwana biyar ɗin da aka yi ana ba da magani da gurɓataccen bututu a jiki sun fi wuyar karewa, domin ƙa'idar da aka fi yarda da ita ita ce a cire shi tun farko, kuma mai yiwuwa ne tabon da ya haifar da farfaɗiyar ya samo asali daga wannan lokaci, ko da yake ramin bututun kansa ma yana iya zama sanadi.

Asarar da ta fi fitowa fili ita ce ta wata 16. Karkacewar ido ta bayyana ne a cikin waɗancan awoyi 44, ta kuma jawo tiyata ta daban. Iyayen an koya musu awon kai sosai, amma ba a jaddada musu cewa da zarar maɗiga ta rufe tef ya daina amfani ba, alamomin sun koma amai, yawan barci, ciwon kai da komawa baya a abin da yaro ya riga ya iya. Tun daga lokacin suna yawo da kati mai ɗauke da nau'in bawul ɗinsa, ranar da aka saka shi, da kwafin hoton kansa na lokacin da yake lafiya, domin duk likitan da ya gan shi ya sami abin kwatantawa.

Shant ɗin da aka gyara a wata 16 shi ne a jikinsa har yanzu. Hoton ƙirji da ciki na baya-bayan nan ya nuna akwai sauran tsawon bututu naɗe a kogon ciki da zai ishe shi wasu shekaru na girma, kuma likitan yara yana auna tsayinsa duk wata shida, saboda balaga da wuri tana cikin abubuwan da ke biyo bayan wannan ciwo.